Na saita keepalive amma matattun haɗi sun ƙi barin sabar PostgreSQL

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da kwamfutocin wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan masarufi a sari. Sabar tana Garwa, manhajar ajiye bayanai ta PostgreSQL 15 ce a kan Linux, muna da reshe a Marwa da wani a Kusiri, duka da intanet ɗin waya suke shigowa. In wuta ta ɗauke ko rezo ya faɗi a reshe, haɗin yakan ci gaba da zama a sabar sama da awa biyu, sauran ma'aikata su maƙale, wani lokaci ma sabar ta ce mutane sun yi yawa. Na duba littafin jagora na ga tcp_keepalives_idle yana kan 0, na ɗauka a kashe yake, na mai da shi 60. An samu sauƙi, amma wasu har yanzu suna kai kwatan awa kafin su tafi, wasu kuma ba sa tafiya sam. Da na sa tcp_user_timeout a 60 kuma, kowa ya riƙa yankewa, dole na cire. Me ban gane ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa aikin albarka. Ka yi tambayar yadda ya kamata, domin alamomin da ka lissafa kowace tana nuna wani abu dabam. Littafin jagoran PostgreSQL bai faɗi ƙarya ba, ko na Turanci ka karanta ko fassarar Faransanci. Illarsa dai yana bayanin kowane saiti shi kaɗai, a sakin layi ɗaya, bai tsaya ya nuna maka a wane hali ne kowanne ke aiki ba. Haɗin da ya mutu ba iri ɗaya ba ne. Ya danganta da abin da ake ciki a lokacin da layin ya yanke, kuma keepalive, wato saƙon gwajin da ake aikawa don a ga ko ɗaya ɓangaren yana raye, hali ɗaya kawai yake magancewa.

Mu fara da sifilin da ya ruɗe ka. A saitunan da suka fara da tcp, wato tcp_keepalives_idle, tcp_keepalives_interval, tcp_keepalives_count da tcp_user_timeout, 0 yana nufin PostgreSQL ba za ta sa baki ba, za ta bar abin da Linux ya tsara. Keepalive ɗin kansa a kunne yake a duk haɗin da sabar ta karɓa ta TCP, wato ƙa'idar da kwamfutoci ke musayar bayani da ita. Abin da Linux ya tsara kuwa shi ne ya jira sakan 7200 na shiru, sannan ya fara aika saƙon gwaji kowane sakan 75, har sau 9. Ka haɗa lissafin: 7200 da 675, ya zama sakan 7875, wato awa 2 da minti 11 da sakan 15. Ka ga inda awa biyunka ta fito. Wannan adadi tsoho ne, ya samo asali daga ƙa'idar RFC 1122 ta 1989, wadda ta ce kada asalin saitin ya gaza awa biyu. A wancan zamani layuka suna da tsada kuma ba a son a cika su da saƙonnin da ba su ɗauke da komai. Amma ka kula sosai, a saitunan da PostgreSQL ke ƙirgawa da kanta, irin su statement_timeout da idle_in_transaction_session_timeout, 0 yana nufin a kashe ne da gaske. Sifili ɗaya, ma'ana biyu, a cikin fayil guda. Wannan shi ne wurin da na fi so a ce littafin ya ƙara haske.

In kana so ka gani da idonka, ka shiga sabar ta TCP, misali psql -h 127.0.0.1, ka rubuta SHOW tcp_keepalives_idle. In ba ka taɓa saitin ba za ka ga 7200, domin sabar tana tambayar soket ɗin ne kai tsaye. In kuwa ka shiga ba tare da -h ba, ta soket ɗin cikin gida na Unix kenan, to 0 za ka gani ko da ka saita 60, domin waɗannan saitunan ba sa aiki a can. Mutane da yawa sun sha ɗauka gyaransu bai kama ba saboda wannan.

To me ya sa sabar ba ta sani ba tun farko? TCP ba ya aika komai in babu abin aikawa. In ma'aikaci ya rufe manhaja yadda aka saba, kwamfutarsa tana aika saƙon sallama, sabar ta rufe nata ɓangaren nan take. In kuwa wuta ce ta ɗauke a Kusiri, modem da kwamfuta suka mutu tare, babu wanda ya samu damar cewa komai. Daga Garwa, wanda ya mutu da wanda ya yi shiru kamanninsu ɗaya. Ka ɗauka ma'aikacin ya buɗe ciniki, manhaja ta aika BEGIN, umarnin buɗe hada-hada a sabar, ta rage buhu goma daga sahun shinkafa, kafin ta aika COMMIT, umarnin tabbatar da hada-hadar a rufe ta, sai duhu. Wannan sahun yana kulle. Abokin aikinsa na Marwa ya zo sayar da irin shinkafar, allonsa ya tsaya cak, mai saye yana tsaye da kuɗinsa a hannu. Sai ya rufe manhajar ya sake buɗewa, ya sake maƙalewa, kowane yunƙuri yana iya barin wani haɗi a baya yana jiran makulli ɗaya. Asalin max_connections, wato iyakar haɗin da sabar ke karɓa a lokaci ɗaya, 100 ne, ba wuya a cike shi ta wannan hanya.

Keepalive kamar mai sallama ne a ƙofar gida. In ya ji shiru ya daɗe sai ya yi sallama, in ba a amsa ba ya sake, in ya yi iya adadin da aka ce masa ya tafi ya ce ba kowa. Amma wanda ke amsa sallamar ba maigidan ba ne, yaron da ke zaure ne. Tsarin kwamfutar reshe ne ke amsawa, Windows ko Linux, ba manhajar ciniki ba. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da ka mai da idle 60 ka bar sauran biyun a sifili, lissafinka ya zama 60 da 675, wato sakan 735, minti goma sha biyu da 'yan kai. Shi ya sa ka ji sauƙi amma bai kai yadda kake so ba. Ukun tare ake saita su. A irin layukanmu ina sa idle 60, interval 10, count 6, jimla minti biyu. Ba na son a yi ƙasa da haka sosai. Ka san yadda rezo yake yi a nan, musamman da damina in hadari ya taso: ya ɗauke na sakan ashirin ko talatin ya dawo, ko modem ya sauka daga 4G zuwa 3G ya sake hawa. TCP yana iya jure wannan ya ci gaba daga inda ya tsaya. In ka matsa saitin ya zama sakan goma sha biyar, kai da kanka za ka riƙa kashe haɗin da zai rayu. Maganar cin data kuma kada ta dame maigidanka. Saƙon gwajin 'yan bait ne kawai, sau ɗaya a minti, a yini bai kai rabin megabait ba a kowane haɗi.

Yanzu ga masu kai kwatan awa, kuma nan ne zuciyar tambayarka. Agogon keepalive yana aiki ne kawai in babu wani bayani da aka aika ake jiran shaidar isarsa. Da zarar sabar ta aika wani abu, ko da amsar UPDATE ce mai 'yan haruffa, kuma ɗaya ɓangaren bai ce ya karɓa ba, Linux ya ajiye keepalive gefe ya koma wani agogo dabam, na sake aikawa. Zai sake aika fakitin, ya jira, ya ninka lokacin jiran, ya sake, har jiran ya kai minti biyu tsakanin yunƙuri da yunƙuri. Mai yanke hukuncin yaushe za a haƙura shi ne net.ipv4.tcp_retries2, asalinsa 15, kuma bayanin Linux ya ƙiyasta hakan da sakan 924.6, wato minti goma sha biyar da ɗoriya. Ko ka sa keepalive a sakan biyar, ba abin da zai canza a wannan halin. Kuma in ka yi tunani, wannan halin ba baƙo ba ne, domin wuta ta fi ɗaukewa mutum yana tsakiyar aiki, saƙonni suna kai da komo.

Kana iya bambance su da umarni ɗaya a sabar: ss -tno, ka duba layukan tashar 5432, wadda PostgreSQL ke karɓar haɗi ta ita. A ƙarshen kowane layi akwai agogon da ke gudana. In ka ga timer:(keepalive,48sec,0), haɗin yana shiru ne, saura sakan 48 a aika gwaji. In ka ga timer:(on,1min12sec,11), to sake aikawa ake yi, an riga an yi sau 11, kuma a ginshiƙin Send-Q za ka ga adadin bait ɗin da suka maƙale. Duk lokacin da aka kira ni kan irin wannan matsala, nan nake fara dubawa kafin in buɗe postgresql.conf.

Saboda wannan giɓin aka kawo tcp_user_timeout a PostgreSQL 12, shekarar 2019, ko da yake Linux yana da zaɓin tun siga ta 2.6.37. Aikinsa shi ne ya ce in bayanin da aka aika ya kai lokaci kaza ba a samu shaidar isarsa ba, a rufe haɗin. Ka yi daidai da ka nufe shi. Abin da ya kayar da kai ma'auni ne: saitunan keepalive da sakan ake ƙirga su, shi kuwa da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Da ka rubuta 60, ka ce wa sabar kada ta jira ko da kashi ɗaya cikin goma na sakan. A layin waya daga Garwa zuwa Kusiri, fakiti ɗaya ya ɓace ko ya yi jinkiri, shi kenan an yanke. A postgresql.conf ka riƙa rubuta ma'aunin a fili, tcp_user_timeout = '120s', haka ma sauran, '60s' da '10s'. Sabar tana karɓa, kuma wanda zai gaje ka a aikin ba zai ruɗe ba.

Akwai abu biyu game da shi da bayanin PostgreSQL bai tsaya a kansu ba, sai ka je bayanin TCP na Linux. Na farko, in ka saita shi, shi ne ke yanke hukunci ko a halin keepalive, adadin count ya daina tasiri. Shi ya sa nake daidaita shi da jimlar ukun, minti biyu da minti biyu, don kada lissafi biyu su yi karo. Na biyu, yana kuma ƙirga lokacin da ɗaya ɓangaren yake raye amma ya daina karɓar bayani saboda ma'ajiyarsa ta cika. In kuna da manhajar da ke jawo babban rahoto tana karantawa a hankali tana tsayawa na dogon lokaci, gajeren tcp_user_timeout zai iya yanke ta tana da ranta. Wani dalili kenan na kada a matsa shi.

Wasu za su ce maka ka rage tcp_retries2 kawai. Yana aiki, amma ya shafi duk haɗin da ke kan na'urar, har da SSH ɗin da kake shiga da shi daga nesa. Na fi son a gyara a PostgreSQL.

Saura waɗanda ba sa tafiya sam. Waɗannan ba matattu ba ne. Ka tuna yaron zaure: kwamfutar tana kunne, rezo yana nan, tana amsa kowane gwaji, amma ma'aikacin ya buɗe ciniki ya tashi ya tafi masallaci, ko manhajar ta aika BEGIN ta manta da COMMIT. Babu saitin TCP da zai taɓa wannan har abada. Ka duba pg_stat_activity, jerin haɗin da ke kan sabar, ka fito da pid, client_addr, state da now() - state_change. Duk wanda ka ga idle in transaction na tsawon mintuna, shi ne. In kana so ka san wa ya tare wa, pg_blocking_pids zai nuna maka. Maganinsa idle_in_transaction_session_timeout, yana nan tun siga ta 9.6. Ni ba na sa shi ga kowa da kowa, ina ɗora shi kan asusun da manhajar ciniki ke shiga da shi: ALTER ROLE, sunan asusun, SET idle_in_transaction_session_timeout = '5min'. Zai fara aiki ga sababbin haɗi. Ka sanar da ma'aikata tun da wuri cewa cinikin da aka bari a buɗe minti biyar zai warware, sai an sake shigar da shi, don kada su ɗauka kaya sun ɓace.

Ina ɗaukar wannan da muhimmanci fiye da yadda ake zato, saboda ɓarnarsa ba ta tsaya kan makulli ba. Muddin tsohuwar hada-hada da ta yi rubutu tana buɗe, autovacuum, mai sharar teburorin PostgreSQL, ba zai iya share matattun sahun da aka samar bayanta ba, teburori su yi ta kumbura, sabar ta yi ta nauyi ba a san dalili ba. Kuma gaskiyar magana, gyaran asali yana hannun wanda ya rubuta manhajar. Bai kamata a buɗe hada-hada sannan a zauna jiran ɗan Adam ya gama ƙirga kuɗi ba. A tara bayanin cinikin tukuna, in ya danna ajiye, a buɗe, a rubuta, a rufe cikin ƙiftawar ido. In kana da hanyar magana da shi, ka gaya masa haka.

Akwai ɗan'uwansa idle_session_timeout da ya zo a siga ta 14, mai korar wanda ke zaune ba tare da buɗaɗɗiyar hada-hada ba. Irin wannan zaman ba ya kulle komai, wuri kawai yake ci. Ka bar shi a kashe sai in kun matsu, domin manhajoji da yawa ba sa jin daɗin a rufe musu haɗi ba sanarwa.

Hali na ƙarshe shi ne sabar tana tsakiyar dogon lissafi, misali rahoton ƙarshen wata, mai nema ya riga ya ɓace. Ko Linux ya gane haɗin ya mutu, PostgreSQL ba za ta lura ba sai ta gama ta zo aikawa. client_connection_check_interval, shi ma na siga ta 14, yana sa ta leƙa soket ɗin lokaci lokaci tana cikin aikin. Ka sa '10s' ya wadatar. Amma shi abin da Linux ya sani kawai yake gani, don haka sai keepalive ɗinka yana daidai zai yi amfani.

Duk abin da na faɗa ɓangaren sabar ne. Kwamfutar reshe ma tana da nata agogon, kuma saitin sabar ba ya isa gare ta. In manhajarku tana amfani da libpq, laburaren haɗi na PostgreSQL, a jimlar haɗi ake rubuta keepalives_idle=60, keepalives_interval=10, keepalives_count=6, tcp_user_timeout=120000, a nan lamba ce zalla ta milisakan, sai connect_timeout=10 don kada ta yi ta jira in sabar ba ta samuwa. A Windows, idle da interval suna aiki, count da tcp_user_timeout kuwa ba sa tasiri. In Java ce, direban JDBC na PostgreSQL yana zuwa da tcpKeepAlive a kashe, sai ka kunna, ka kuma duba socketTimeout. In akwai PgBouncer a tsakani, wato manhajar da ke tattara haɗin ta miƙa wa sabar, to sabar shi kaɗai take gani, kuma kullum yana raye, sai ka kai saitin cikin fayil ɗinsa: tcp_keepidle, tcp_keepintvl, tcp_keepcnt da tcp_user_timeout.

Gwajin kowane minti yana da wani amfani da ya shafe mu musamman. Tsakanin reshe da sabar akwai na'urorin NAT, masu sauya adireshin cikin gida zuwa na intanet, wato rautar shago da na kamfanin waya, kowace tana riƙe da jerin haɗin da suka ratsa ta, tana kuma goge wanda ya daɗe shiru. RFC 5382 ta ce kada a goge kafin awa 2 da minti 4, amma da yawa ba sa bin wannan. Ko manyan kamfanoni ma: NAT Gateway na AWS sakan 350 yake jira, mai raba lodi na Azure kuma asalinsa minti 4. In an goge, ɓangarorin biyu suna raye amma hanya ta toshe, ma'aikaci ya dawo daga cin abinci ya danna, allo ya tsaya. Saƙon kowane sakan 60 yana hana a manta da ku. Ina fata dai ba a buɗe tashar 5432 take ga duk duniya ba. In haka take, ka sa WireGuard, mai buɗe keɓaɓɓiyar hanya a ɓoye, tsakanin rassan da Garwa, da PersistentKeepalive = 25 a ɓangaren reshe.

Akwai abin da saiti ba zai warware ba, kuma ya shafi kuɗin mutane. In layi ya yanke bayan manhaja ta aika COMMIT amma kafin amsa ta dawo, ma'aikaci ba zai san ko cinikin ya shiga ba. In ya sake shigarwa, ana iya rage kaya sau biyu. Kowane rasit ya samu lambarsa tun daga reshe, a sa wa ginshiƙin UNIQUE, mai hana maimaita lamba, ta yadda yunƙuri na biyu zai ci karo da na farko.

Waɗannan saitunan ba sa buƙatar a kashe sabar, SELECT pg_reload_conf() ya isa. Bayan ka yi, ka gwada da yamma in an tashi daga kasuwa. Kada ka gwada ta hanyar rufe manhaja, domin hakan yana aika sallama, ba zai nuna maka komai ba. Ka buɗe psql daga wata kwamfuta, ka rubuta BEGIN, ka gyara sahu ɗaya a teburin gwaji, ka ɗan jira, sannan ka zare wutar modem ɗin. Ka koma sabar ka sa ido kan ss da agogon hannunka. Cikin kusan minti biyu ya kamata haɗin ya ɓace, kuma a kundin sabar ka ga could not receive data from client: Connection timed out. Sai ka maimaita, wannan karon ka aika SELECT pg_sleep(20), ka zare modem kafin amsar ta fito, don ka ga agogon on yana aiki kuma tcp_user_timeout ya yanke shi. In wanda aka kora mai buɗaɗɗiyar hada-hada ne, saƙon dabam ne, terminating connection due to idle-in-transaction timeout. In wani abu bai tafi haka ba, ka turo mini layukan ss da na pg_stat_activity na daidai wannan lokacin, amma ka goge adireshin rassan kafin ka turo.